Guguwar da Ba Ta Kwantar da Hatsi

A ranar 12 ga Nuwamba 2024 kamfanin Giants Software na ƙasar Suwizalan ya fitar da sabon wasan kwamfuta mai suna Farming Simulator 25, kuma kafin mako ya zagayo an sayi kwafi miliyan 2. Babu harbi a cikinsa, babu tseren mota, babu dodon da za a kashe. Noma kawai ake yi. Mutum ya cire kuɗin guminsa ya saya, ya dawo daga aiki a gajiye, ya zauna gaban allo ya kama huɗa, ya kai ƙarshen gona ya juyo da tarakta, ya sake kamawa, har dare ya raba. In ka kai wannan labari ƙauye, ka ba dattijon da ya shekara hamsin yana duƙe, dariya zai yi har ya share ƙwalla, ya ce ai da sun zo nan da an ba su aikin kyauta, har da furar rana a kai. Dariyar tasa tana kan hanya. Sai dai akwai tambaya a ƙarƙashinta: me ya sa aikin da 'ya'yansa ke gudu zuwa birni, shi ne 'yan birnin wata nahiya ke biya a bar su su yi? In kuma an ce ai kwaikwayo ne, to me aka ɗebe daga noman gaske har ya koma abin marmari?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce an ɗebe wahala. Wanda ya taɓa wasan na 'yan kwanaki, kamar yadda na yi a kwamfutar wani ƙanena, ya san amsar ba ta cika ba. Gumi dai babu, ciwon baya ma babu. Amma nawa da maimaici da jiran da ke cikin noma duk an bar su, har ma da su ake tallar wasan. Kafin ka shuka sai ka kaftu ƙasa, ka tsince duwatsu, ka watsa farar ƙasa in gonar ta yi tsami, ka zuba taki. Ciyawa ta fito ka nome ko ka yi feshi. Kowane aiki da injinsa, kuma injunan kwafin na gaske ne, sama da 400 daga kamfanoni fiye da 150, irin su John Deere da Claas da Massey Ferguson da Kubota. In ka ɗauro garmar da ta fi ƙarfin taraktarka, sai ta riƙa ja da ƙyar kamar jakin da aka yi wa mugun lodi. In ka shuka ba a kan lokaci ba, ƙasa ba ta karɓa. In ka yi sakaci kaka ta wuce, amfanin ya bushe a tsaye.

Sabon abin da aka fi yayatawa a wannan fitowar shi ne shinkafa. Taswira uku aka ba da, ɗaya ta yi kama da karkarar Amurka, ɗaya ta tsakiyar Turai, ɗaya kuma ta gabashin Asiya, sunanta Hutan Pantai. Kai za ka zana fadamarka, a ɗaga mata gefe, a kafa famfo. Shinkafar iri biyu ce. Ɗaya ana dasa ta cikin ruwa da injin dashe, ɗaya ana shuka ta a busasshiyar ƙasa sannan a sako ruwa, kuma dole ka kula da tsayin ruwan yayin da take girma. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan kunyar shinkafa a Kura ko Kadawa zai gane abin da idonsa ke gani. An ƙara awaki da ɓauna, an ƙara alayyafo da koren wake. Tayar tarakta yanzu tana nutsewa cikin laka ta bar sawu. Da asuba hazo kan kwanta a kan ruwa, rana ta keto ta cikin itatuwa, kai kuwa kana zaune a kujerar injin girbi kana kallon alkama tana shigewa bakinsa layi bayan layi. Akwai wata natsuwa a wurin wadda ba zan musa ba. Sa'a biyu sukan wuce ba ka yi komai ba sai kai da komowa a fili ɗaya, kuma ka tashi zuciyarka wasai.

Wannan natsuwar tana da tarihi. A 1996 wani Bajapane mai suna Yasuhiro Wada ya fitar da Harvest Moon, wanda ake ɗauka uban irin waɗannan wasanni. A karkara ya tashi, ya koma Tokyo, kewar inda ya baro ce ta haifi wasan. A 2009 FarmVille ya shigo Facebook, har ya kai masu yinsa sun haura miliyan 80 a wata, mutane suna tashi cikin dare don kada shukarsu ta ƙarya ta bushe. A 2012 aka yi Hay Day, wanda da yawa daga masu karanta wannan rubutu suna da shi a waya. A 2016 wani saurayi Ba'amurke, Eric Barone, ya fitar da Stardew Valley wanda ya gina shi kaɗai, kuma yadda labarinsa ya fara ya isa ishara: ma'aikacin ofis ne da aikin kamfani ya ƙuntata wa rai, ya buɗe wasiƙar da kakansa ya bar masa, ya tarar an bar masa gona. Shi kansa Farming Simulator tun 2008 ake fitar da shi, kuma a Jamus da maƙwabtanta ya fi kafa gindi.

Duk wannan yana faruwa ne a ƙasashen da gonaki ke ƙarewa daga hannun mutane. Tsakanin 2005 da 2020 Tarayyar Turai ta rasa gonaki kimanin miliyan 5.3, abin da ya rage bai wuce miliyan 9.1 ba. Ƙasar noman tana nan, ƙananan gonakin ne manya suka haɗiye. A Amurka, ƙidayar noma ta 2022 ta nuna matsakaicin shekarun manomi ya haura 58. Wato dai jikokin waɗanda suka sayar da gona su ne suke sayen gonar allo.

Wani masanin falsafa, Bernard Suits, ya hango irin wannan tun 1978 a littafinsa The Grasshopper. A ganinsa wasa shi ne mutum ya ɗora wa kansa cikas da gangan, wanda ba dole a ciki, don kawai ya ji daɗin tsallake shi. Ya ƙara da cewa in da za a kai ranar da na'ura za ta ɗauke wa ɗan Adam kowace buƙata, ba zama zai yi ya miƙe ƙafa ba. Zai koma yana gina gida da hannu alhali ga gida nan a danna maɓalli ya fito, yana yin aikin da don sha'awa. Mai huɗa a gaban allo da cikinsa a ƙoshe shi ne mutumin da Suits ya siffanta. Abin da wannan ya nuna mini shi ne ɗan Adam ba aiki ya tsana ba. Yana son ya ga fili a hargitse da safe, ya gan shi a gyare da yamma, ya san hannunsa ne ya yi. Ma'aikacin da ya wuni yana amsa saƙonni, ba ya iya nuna wa ɗansa ko abu ɗaya ya ce ga abin da na yi yau, ƙishin wannan yake ji. Kunyar da aka ja a miƙe tana kashe masa shi, ko da a allo ce.

To in ba aikin aka ɗebe ba, me aka ɗebe? Amsar tana shafin saiti, kuma a ganina ya fi duk taswirorin wasan abin kallo. A nan ake tambayarka ko kana son ciyawa ta riƙa fitowa, ko kana son duwatsu a gona, ko kana son tayar tarakta ta riƙa lalata shuka in ta taka. Kwana nawa kake so wata ya yi, kuma da wane sauri agogo zai tafi. A wannan fitowar an ƙara ƙanƙara da guguwa mai murɗawa, irin wadda ake yi a Amurka, suna iya ratsa gona su bar ɓarna. Su ma suna da zaɓi. Kana iya barin su su yi ɓarnar, kana iya kashe su gaba ɗaya, kana kuma iya zaɓar na tsakiya, wato a gan su kawai. Sama ta yi baƙi, guguwa ta taso tana juyi, ta bi ta tsakiyar gonarka da rugugi, ta wuce, ka je ka duba ka tarar ko kara ɗaya bai kwanta ba.

Na daɗe ina kallon wannan zaɓi. Tun da aka fara jefa iri a ƙasa, babu manomin da bai yi mafarkinsa ba.

Sauran abubuwan da aka ɗebe ba su ma shiga saiti ba, don babu su tun asali. Manomin wasan ba ya cin abinci. Ba shi da ciki, ba shi da iyali, ba shi da rumbu da za a leƙa a watan Agusta a ga ƙasansa. Dabbobinsa in ya hana su abinci lafiyarsu kan ragu, madara ta tsaya, amma ba ya wayar gari ya tarar da gawa a garke. Banki yana ba shi rance da danna maɓalli, ba jingina, ba wanda zai zo ƙofar gida da sassafe. In shekara ta ɓaci, yana iya komawa inda ya adana wasan jiya ya sake lale. Abin da ya rage bayan an kwashe waɗannan duka shi ne duniyar da sakamako ke bin ƙoƙari sawu da ƙafa. Ka zuba taki sau biyu, amfani ya ƙaru da adadin da aka rubuta. Ka nome ciyawa, a ba ka ladanka cif. Hausawa sun ce abin da ka shuka shi za ka girba, amma manomin da ya faɗi karin maganar ya fi kowa sanin cewa a kan hali take gaskiya, a gona kuwa sai an dace. A cikin wasan ne kaɗai ta zama doka. Daɗin Farming Simulator daɗin adalci ne, irin adalcin da ƙasa ba ta taɓa yi wa kowa alkawarinsa ba.

Ba sai an zo Afirka ba kafin a ga haka. A watan Janairun 2024, watanni goma kafin wasan ya fito, manoman Jamus sun cika titunan Barlin da dubban taraktoci har Ƙofar Brandenburg, saboda gwamnati ta ce za ta janye rangwamen da take musu a kan man dizal. Taraktocin da suka toshe hanya irin su ne a cikin wasan, suna da fenti iri ɗaya da suna iri ɗaya, amma masu su sun fito ne don lissafin gonar ya ƙi fita. A wasan, in injinka ya gaji sai ka kai shi gareji ka danna gyara. A Amurka kuwa manoma sun shekara da shekaru suna kukan cewa injin da suka saya da kuɗinsu ba su da ikon gyara shi sai dillalin kamfani ya zo da manhajarsa, har hukumar kula da cinikayya ta ƙasar ta kai John Deere kotu a kan haka a Janairun 2025. Mu kuwa namu mun san shi. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna cikin 'yan makonni, ba ta tambayi wa ya yi ƙwazo wa ya yi lalaci ba. Ambaliyar 2022 ta shanye shinkafar da ta kusa girbi a bakin kogin Haɗeja. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya ninka kuɗin tayar da injin ban ruwa ga mai noman rani. A sassan Zamfara da Katsina manomi kan biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu saitin da ke kashe shi.

Ana iya tsayawa a nan a yanke hukunci cewa wasan ƙarya ne, masu yinsa kuma yaudarar kansu suke. Robert Nozick na Jami'ar Harvard ya kawo wani misali a 1974 da ake yawan jawowa a irin wannan muhawara. Ya ce a ɗauka akwai na'urar da za a jona ƙwaƙwalwarka da ita, ta sa ka ji duk rayuwar da kake buri kamar gaske, ba tare da ka san kana kwance ba ne. Za ka yarda a jona ka har ƙarshen rayuwa? Ya yi hasashen yawancin mutane za su ƙi, don muna son mu aikata abu da gaske, jin kamar mun aikata bai ishe mu ba. Misalin yana da ƙarfi, amma bai kama mai wasan noma ba. Shi ya san inda yake. Ya san alkamar allo ba ta tuwo, kuma in an kira shi cin abinci zai tashi. Ban ga laifin ɗan Adam ba don ya nemi sa'a biyu a wurin da ƙoƙarinsa ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mai buga dara a gindin bishiya ma abin da yake nema ke nan: fili ƙarami, dokoki sanannu, wanda ya fi iyawa ya ci.

Abin da ya ƙara sa na sassauta shi ne a cikin masu son wasan nan akwai manoman gaske da yawa, kuma kamfanin ma yakan kai shi manyan bukukuwan baje kolin kayan noma a Turai. Mutum ya wuni a kan tsohuwar taraktarsa, ya dawo gida ya hau sabuwa wadda kuɗinta ya fi ƙarfin gonarsa, a ƙarƙashin sama mai jin magana. Wannan ba wanda zai koya masa mene ne noma. Hutu yake yi daga fargaba, kuma ya cancanci hutun.

Damuwata tana kan wanda bai taɓa sanin fargabar ba, kuma ko a nan ba wasan nake tuhuma ba. Lissafin da ke cikinsa nake tsoro, don ya riga wasan zuwa garinmu, kuma yana yawo a bakin mutanen da ba su taɓa ganin Farming Simulator ba. Shi ne lissafin da ake turowa a WhatsApp: hekta ɗaya, buhun taki kaza, iri kaza, bayan wata huɗu buhu kaza, a ninka da farashin kasuwa, ga riba. Shi ne wanda ke bakin babban mutum a ɗakin taro mai sanyi yana cewa matasa su koma gona, kamar gonar tana nan a share tana jira, ba mai ita, ba hanya mai haɗari kafin a kai gare ta. Shi ne kuma ya sa a 'yan shekarun baya mutanen birni suka zuba kuɗi a wasu kamfanonin intanet da suka ce ka sayi kason gona ta waya, a noma maka, ka karɓi riba tsayayya bayan wata shida. Da yawa har yau suna jiran uwar kuɗin. Kallon kitse aka yi wa rogo. An sayar musu da noma mai guguwar kallo, suka saya don sun riga sun yarda akwai shi.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Mafi muni shi ne abin da wannan lissafi ke yi wa idon da muke kallon talaka da shi. In ka yarda sakamako yana bin ƙoƙari daidai wa daida, to duk wanda rumbunsa ya ƙare kafin sabon hatsi, kai a wurinka malalaci ne ko jahili. Ba ka buƙatar zama mugu kafin ka kai ga wannan hukunci, lissafin ne zai kai ka. Daga nan sai tausayi ya zama kamar ɓata mutane, taimako ya zama kamar saka wa rago. A cikin wasan wannan hukuncin daidai ne: in gonarka ta lalace, kai ka lalata ta. A wajen allo kuwa zalunci ne a kan mutumin da ya yi sassabe da huɗa da noman firi da maimai duk a kan kari, ruwa ya ɗauke masa sati uku lokacin da gero ke fitar da kai.

Akwai wani abin da na lura da shi a wasan wanda ya fi guguwar ba ni mamaki, shi ne shirunsa. Kana son ƙarin gona, sai ka buɗe taswira ka danna fili, kuɗi su fita, ya zama naka. Ba a tambayi wa ya gada ba, ba ƙanin uba da zai ce da saura, ba kabarin kowa a gefe, ba burtalin da shanu suka saba bi. Kana son ɗan ƙwadago, ka danna maɓalli ya bayyana a kujerar tarakta, ya yi ta aiki ana cire ladansa, ka sake dannawa ya ɓace. Ba ya gajiya, ba ya neman a ƙara, matarsa ba ta haihu ba. Ka girbe hatsi tirela guda, ka duba inda farashi ya fi tsada, ka juye, lamba ta hau. Duk abin da gonar ta ba da naka ne kai kaɗai, har ƙwayar ƙarshe.

Manomin ƙasar Hausa bai taɓa girbin da yake nasa shi kaɗai ba. Kafin dami ya shiga rumbu an fitar da zakka, ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar. Akwai na surukai, akwai na 'yar'uwar da mijinta ya rasu, akwai na wanda ya ba da aron shanun huɗa, akwai abin da ake bari a ƙasa don masu kala. Kafin girbin ma akwai gayya, inda samarin unguwa ke taruwa su nome gonar mutum ɗaya a wuni guda, gobe a koma ta wani. Mukan kira waɗannan kirki, kuma kirkin ne. Amma in ka duba tushensu za ka ga daga rashin tabbas suka tsiro. Mutum yana ba da dami bana don ya san baɗi yana iya zama shi ne mai karɓa, kuma ya san in hakan ta faru ba lalacinsa ne ya jawo ba. Jama'ar da ta san ƙasa ba ta da alkawari ita ce ke koyon riƙe juna. Duniyar da kowa ke samun daidai guminsa kuwa ba ta da abin da za ta yi da jinƙai, shi ya sa ba a sa shi a wasan ba, kuma ba wanda ya ji rashinsa. Ana iya haɗuwa har mutum 16 a gona ɗaya ta intanet, wani na girbi wani na jan tirela, abin ya yi kama da gayya. Sai dai gayyar nishaɗi ce, ba wanda zai kwana da yunwa in abokai ba su zo ba.

Kada a ɗauka ina yi wa fargaba kirari. Rashin tabbas ɗin da ya haifi gayya shi ne kuma ya haifi mai ba da buhu ɗaya da damina ya karɓi biyu da kaka, da dillalin da ke jiran ranar da manomi ya matsu ya saye hatsin a wulaƙance, ya ɓoye har bazara. Shi ne ke tura yaro ci-rani, wani ya tafi ke nan. Duk abin da zai rage wa manomi wannan fargaba alheri ne: madatsar ruwa irin ta Tiga da ke shayar da Kadawa, irin da ke nuna da wuri, hasashen yanayi da ke isa wayarsa a kan lokaci, inshorar da ke biya da gaske, hanya mai aminci. In aka ce a zaɓa tsakanin kyawun gayya da cikin yaro a ƙoshe, ba wani dogon tunani a ciki. Tambayar da ta rage, wadda ƙasashen da suka ƙera wasan suka riga mu fuskanta, ita ce in an kusa kai wa ga duniyar da kowa ya tsaya da ƙafarsa, me zai sa ya ci gaba da juyowa ya dubi na kusa da shi? Manomin Turai guda yana noma abin da ƙauye guda ke nomawa a da, shi kaɗai a cikin gilashin tarakta, kuma kaɗaici na cikin abin da manoman can ke kuka da shi.

Wani abin lura shi ne 'yan wasan da kansu ba sa jure adalcin nan na dogon lokaci. Bayan an saba, sai ka ga suna kunna duk wani cikas da ke saiti, suna fara wasa da aljihu kusan wayam, suna sauko da ƙare-ƙaren da wasu 'yan wasa suka ƙirƙira don injin ya riƙa lalacewa, rance ya yi tsauri. Nasarar da ba ta yiwuwa a rasa ba ta da gishiri, wanda ya ci zomo ya ci gudu. Amma haɗarin da ka kunna da hannunka, kuma kana iya kashe shi in ya ishe ka, sunansa kawai ya haɗa da wanda ya faɗo maka daga sama. Na farko yaji ne a miya, na biyun kuwa yana iya zama dalilin da ba a ɗora tukunyar ba.

A jerin amfanin gonar wasan akwai dawa, akwai masara da auduga da rake da waken suya. Dawar gajeriya ce, irin wadda aka tsara don bakin injin girbi, ba irin tamu mai tsawon da ke ɓoye mutum a kan doki ba. Na shuka ta fili guda, daga wannan gefe zuwa wancan, iri ɗaya tal, don haka ake yi a can, kuma wasan ba ya ba ka ladan gauraya amfani biyu a kunya ɗaya. Sai da ta fito ta yi kyau sannan na ga abin da ya sa take mini baƙuwa. A gonakin da na sani, ƙarƙashin dawa akwai wake, tsakanin layi akwai gero, a gefe akwai gyaɗa, can bakin iyaka an zagaye da yakuwa ko rama. Baƙon da ya zo daga ƙasar taraktoci yakan ga wannan ya ce hargitsi ne. Mai gonar kuwa lissafi ya yi. Gero yana nuna da wuri ya tare yunwar tsakiyar damina, in ruwa ya yi tsawo dawa ta samu, in ya ɗauke da wuri geron ya riga ya tsira, wake ya rufe ƙasa ya ƙara mata ƙarfi, harawarsa kuma ta riƙe awaki har rani.